Sunan Damata da Hoton da ke Bangon Zaure

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga:
Gafaru Alhassan,
Mamba mai lamba goma sha bakwai,
Titin Ogden, Highbridge, Bronx, New York.

Zuwa ga:
Mai Girma Alhaji Aziz Faruƙ,
Shugaban Ƙungiyar Zumuncin 'Yan Zango ta Highbridge da Mount Hope,
Ta hannun Sakataren Ƙungiya.

Litinin, 16 ga Mayu, 2016, daidai da 9 ga Sha'aban, 1437.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA WA MARIGAYIYA MATATA DAMATA ADDU'AR ARBA'IN A ZAUREN ƘUNGIYA, DA YAUDARAR DA AKA YI MATA A TAFIYAR NEMAN MAGANI ZUWA INDIYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kai da iyali da sauran 'yan kwamiti kuna lafiya, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a rubuce, domin sau biyu na zo ofis aka ce kana taro.

Ni haifaffen Zangon Kumasi ne, shekarata hamsin da huɗu, ina gadin wurin ajiye motoci a Manhattan. Ban yi makaranta mai zurfi ba. Ɗan abin da na sani na addini da na rubutu, a ɗakin gadi na karanta shi da kaina. Ka san ni, ka kuma san bakina, ba na kewaye-kewaye. Matata Damata, mai kitso a wani shago kusa da Titi na 170, ta rasu ranar Talata, 19 ga Afrilu, 2016. Arba'in ɗinta zai kama ranar Lahadi, 29 ga wannan wata. Kwamitinka ya yanke cewa ba za a buɗe mata zaure ba, ba kuma za a karanta sunanta cikin mamatanmu ba. Saura kwana goma sha uku. Ga abin da ya faru, bi da bi.

1. Yadda tallan ya shigo zaurenmu.

A watan Nuwamba na 2015 likitoci suka gaya mana cewa ciwon dajin da ke cikin Damata ya wuce aiki, sai dai a rage mata zafi. Ba mu ɓoye wa ƙungiya ba. Ranar Lahadi, 7 ga Fabrairu, 2016, a taron wata-wata wanda kai ka shugabanta, aka ba wa Alkasim minti ashirin ya yi bayani. Alkasim mamba ne, kuma wakilin wani kamfanin yawon buɗe ido da ke Queens. Ya kira abin nasa Ziyarar Waraka: kwana goma sha huɗu a kudancin Indiya, da ɗan jagora, a wurin masu maganin gargajiya da suka gaji sana'ar, masu man shafawa da saiwoyi da jiƙo da tausa. Ya ce daidai yake da zuwa wurin mai magani a gida, bambancin kawai wannan sai an hau jirgi.

Na miƙe na yi masa tambaya uku. Akwai shiga ɗakin bauta? Akwai yanka ko bakance ga wanin Allah? Za a bar mace da sallarta da lulluɓinta? Ya yi dariya ya ce Malam Gafaru ya zo da jarrabawarsa, kowa ya fito da fensir. Jama'a suka yi dariya har sai da ka buga tebur. Sannan ya ɗaga yatsa ya rantse da Allah cewa magani ne zalla, wuraren bauta kuwa sai dai a hango su ta tagar bas kamar yadda baƙo ke hango dogayen gine-ginen garin nan. Ina roƙo a duba littafin Sakatare na wannan rana.

2. Tafiyar.

Na hana Damata tafiyar sau biyu. A na uku ta ce mini, Baban Nimatu, shekara ashirin da shida ban taɓa roƙonka tafiya ba, ko Kumasi. Na ƙyale ta. Ta roƙe ni in raka ta. Na ce ƙafata ba za ta taka ƙasar gumaka ba ko da can ne maganin mutuwa yake. Na rubuta wannan ne domin a takardar ƙorafi bai halatta a ɓoye rabin gaskiya ba.

Wadda ta raka ta ita ce Akua, abokiyar aikinta a shago, Kirista 'yar Asante, wadda ta rufe kujerarta mako biyu saboda wannan. Sun tashi ranar Alhamis, 10 ga Maris. Lif ɗin gidanmu ya lalace, muna hawa na biyar. Akua da 'yata Nimatu ne suka sauko da akwatin, sannan suka dawo suka sauko da ita. Ni ina zaune da littafi a buɗe. Ban karanta layi ɗaya ba, ban kuma tashi ba.

3. Abin da ya faru ranar Talata, 15 ga Maris.

Ban kasance a wurin ba. Abin da zan faɗa daga bakin Akua ne, kuma a shirye take ta maimaita shi a gabanka.

Kwanaki huɗu na farko an yi su a gidan magani. Akua ta ce wata dattijuwa mai magani ta duba Damata, ta faɗa da Turanci ƙarara cewa man zai sa ta sami barci, amma ba zai cire abin da ke cikinta ba. Damata ba ta jin Turancin mutanen can. Alkasim ne ke yi mata fassara. Da ta waiwaya gare shi, sai ya ce mata an ce da sauƙi. Akua tana jin Hausar Zango sarai, ta ji shi. Ta yi shiru ne domin ta ga fuskar Damata ta yi haske.

Ranar Talata aka hau da su bas kan wani dutse, inda akwai babban ɗakin bauta na Hindu. Aka shigar da su wani dogon ɗaki cike da masu aski, maza da mata suna zaune a ƙasa ana sauke musu gashi. Alkasim ya ce wa Damata wannan shi ne mataki na ƙarshe na maganin: sai an aske kai man zai ratsa ƙashi ya sauka har ciki. Akua ta tambaye shi me ya sa har da ƙananan yara masu lafiya a layi. Ya kira ta Maame, wato uwa a harshen Asante, ya ce, ke kin zo rakiya ne ko kin zo bincike?

Ranka ya daɗe, ka san sana'ar Damata. Shekara goma sha tara tana tsaye a kan gashin mutane. Nata kuwa ba ta taɓa barin almakashi ya kusance shi ba. Akua ta ce ta yi kuka, ta ce ba za a yanke mata kitso a kitse ba. Ta zauna ta tsefe shi da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, mai askin yana jiranta. Sau uku mutumin ya nuna mata aska ya nuna kanta, yana tambaya da ido ko ta yarda. Ta yi bisimilla ta sunkuya. Da aka gama aka shafa mata wani abu rawaya mai sanyi a ka. Ta ɗaga hannu biyu tana laluben ɗankwalinta da ya zame. A daidai nan ɗan jagora ya ɗauki hoto.

Daga nan aka sa su a wani layi. Sai da suka kusa ƙofar ciki ta hango gunki an lulluɓe shi da furanni, fitilu suna ci, mutane suna faɗuwa a gabansa. Nan ta gane. Ta ƙwace hannunta, ta ratsa layin ta fita, mace da ba ta iya hawa bene biyu ba tare da hutawa ba. Ta sauka har inda aka ajiye bas, ta yi alwala da ruwan gora, ta shimfiɗa zanenta ta fuskanci mafitar rana kamar yadda aka koya mana tun a gida. Wani mai sayar da shayi, Musulmi, ya zo ya nuna mata cewa a ƙasarsu alƙibla tana wajen faɗuwar rana. Ta juya ta yi Azahar. Akua ta ce ta daɗe a sujadar ƙarshe har direba ya fara danna hon.

4. Dawowa da rasuwa.

Sun dawo ranar Alhamis, 24 ga Maris. Ta ce mini an yi magani, barci ya samu. Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba, domin a ganina tambaya amincewa ce da tafiyar. Kusan mako huɗu tana tare da ni, ɗankwali bai bar kanta ba. Na ɗauka sanyi take ji. Na ba ta magani da hannuna, na juya ta a gado, na karanta mata Alƙur'ani, ban san kan matata a aske yake ba. Daga baya Nimatu ta gaya mini, da Turanci, irin yadda yaranmu ke jin Hausa su amsa da Turanci, cewa uwarta ta aike ta ta sayo ƙananan huluna don kada ɗankwalin ya zame, ta kuma ce kada Baba ya sani, zai ce na mutu kafira.

Ban san amsar da zan bayar a kan wannan magana ba ranar da za a tambaye ni.

Ta cika da misalin ƙarfe goma na safe. Ta yi kalmar shahada sau biyu, da muryar da ake ji. Ni na ji, Nimatu ta ji, nas ɗin da ke zuwa gida ma ta ji, har ta tambayi ma'anarta.

5. Wankan gawa, Laraba, 20 ga Afrilu.

Nan ne ƙorafina ya fi nauyi. Matan ƙungiya uku suka shiga yi mata wanka a gidan shirya gawa, ƙarƙashin Hajiya Tahiratu, shugabar masu wanka. Kamar yadda aka sani, idan an wanke mace ana kitse gashinta gida uku a kwantar da shi ta baya. Shekara goma sha ɗaya Damata ce ke yin wannan kitso ga duk macen da ta rasu a cikinmu. Ko tana tsakiyar kan mai biya, in aka kira sai ta bar wa Akua ta tafi. Mata ashirin da uku ta yi wa, na san adadin domin kowace sai ta dawo gida ta yi shiru yini guda. Cikinsu akwai mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, a watan Yuli na 2012. Kai da kanka ka tsaya a ƙofar gidanmu ka ce ba ka da abin da za ka saka mata da shi.

Da aka cire mata ɗankwali ba a sami abin kitsawa ba. Hajiya Tahiratu ta san Damata ba ta sha irin maganin asibitin da ke zubar da gashi ba. Ɗaya daga cikin matan ta tuna da fostar tallan da Alkasim ya manna a bangon zaure, mai hoton Damata an aske mata kai a ɗakin bautar. Suka ja mayafi suka rufe ta, jikinta da ruwa, suka fito waje suna buga waya. Ina zaune a benci. Hajiya Tahiratu ta wuce ni ta ce, Malam, kai da ke yi wa mutane wa'azin barin laya, je ka ga abin da ke gidanka.

Awa biyu da minti arba'in tana kwance a kan tebur ɗin ƙarfe. Babu wadda ta koma. Daga ƙarshe ni na shiga, tunda shari'a ta yardar wa miji, Nimatu tana zuba ruwa ina wankewa. Na san babin wankan gawa a littafi, har na taɓa gyara wa wasu kuskure a kansa. Hannuna bai taɓa yi ba. Da na zo kan, gashin da ya tsiro bai kai a kama da yatsa ba. Nimatu ta fito da matajin uwarta daga jaka ta ja layi biyu a kai, ta raba shi gida uku. Iyakar abin da muka iya ke nan.

Liman ya yi mata salla, Allah ya saka masa. Mutum goma sha ɗaya ne a bayansa. Mota biyu suka bi mu maƙabarta a New Jersey. A jana'izar mahaifiyarka sai da aka nemi 'yan sanda su raba hanya.

6. Hukuncin kwamiti, Lahadi, 24 ga Afrilu.

Kwamiti ya zauna kwana huɗu bayan binne ta. Ba a kira ni ba. Ba a kira Alkasim ba. Akua ta zo da kanta bayan coci, ta tsaya a bakin ƙofa da fasfo ɗinta a hannu don a ga hatimin tafiya, aka ce mata ba a karɓar shaidar wadda ba Musulma ba a kan al'amarin imani. An dubi hoto, an karanta sashe na goma sha huɗu na dokokin ƙungiya, an tashi.

Ba sai an karanta mini sashe na goma sha huɗu ba. Ni na rubuta shi, a shekarar 2009, a bayan takardar ajiye mota. Ni na yi ta faɗa wata uku har aka amince da shi: duk wanda ya miƙa ibada ga wanin Allah a bainar jama'a ya mutu bai tuba ba, ƙungiya ba ta buɗe masa zaure, ba ta karanta sunansa. Ranar da aka sa hannu na koma gida ina murna. Damata ta ajiye mini tuwo ta ce, Allah ya sa kada dokar nan ta ci wanda ba shi da bakin kare kansa. Na ce mata maganar mata ce.

Amma ko a wancan zafin nawa, na sa sharaɗin a ji ta bakin iyalin mamaci, a kuma tabbatar da niyya. Ba a yi ko ɗaya ba. Maganar shaidar Akua kuwa, na yarda da a baya ni ne zan fara korar ta. Sai dai wannan mace ita ta riƙa wa Damata roba tana amai a jirgi, ita ta tsaya ta kare ta daga masu wucewa tana salla. Mu Musulmin da aka yarda da shaidarmu, babu ko ɗayanmu a kan dutsen nan.

7. Hoton.

Tun 3 ga Afrilu, tana da rai, Alkasim ya manna sabuwar fosta a bangon zaure don tafiya ta biyu da zai kai mutane a watan Yuli. Hoton Damata yana ciki, kai a buɗe, a aske, hannaye sama. A ƙasa an rubuta: ta je da ciwo, ta dawo da lafiya. A lokacin ina jinya, ban leƙa zaure ba, sai ranar Juma'ar da ta wuce na je na gani da idona. Tana nan, gefen jadawalin lokutan salla. An ɗauke ta a waya an yaɗa a WhatsApp, har 'yan'uwanta a Kumasi sun gani. Macen da ni mijinta sai a ɗaki nake ganin gashinta. An rufe mata zaure saboda hoton, an bar hoton a cikin zauren, wanda ya manna shi kuma yana sahun gaba, mata huɗu sun riga sun ba shi sunayensu don tafiyar Yuli.

Ina so a rubuta cewa ba ni da ƙara a kan mutanen ɗakin bautar. Addininsu suke yi a fili, ba su ɓoye wa kowa ba. Na kai hoton wa wani abokin aikina ɗan Guyana, mabiyin addinin Hindu, wanda shekara tara muna aiki tare ban taɓa karɓar abincinsa ba. Ya duba ya daɗe. Ya ce askin nan bakance ne da mutum ke yi da son ransa, ba magani ba ne, kuma a wurinsu ma abin da aka karɓa daga wanda bai sani ba ba kyauta ba ce, abin kunya ne ga wanda ya kawo shi. Ya cire hularsa ya yi mini ta'aziyya. Na ƙirga shi cikin waɗanda suka yi mini, ba su da yawa. Wanda ya yaudare ta namu ne, da Hausa ya yi, ya kuma fara da sunan Allah a gabanka.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

Na ɗaya, a cire fostar daga bango yau, a kuma umarci mambobi su share hoton daga wayoyinsu.

Na biyu, a kira Alkasim da ni da Akua gaban cikakken kwamiti kafin Lahadi, 22 ga Mayu, a ji kowa, a kuma gaya wa matan nan huɗu gaskiyar abin da ke kan dutsen kafin su hau jirgi.

Na uku, a soke hukuncin 24 ga Afrilu. A buɗe zaure ranar 29 ga Mayu, ka karanta sunanta da bakinka, Damata 'yar Abdou, ka ce ta mutu Musulma. Na san za a yi dariya. Kowa ya san shekara da shekaru ina cewa addu'ar arba'in ba ta da asali, ban taɓa zama a ta kowa ba. Ra'ayina yana nan a littafi. Amma ita ba ta taɓa fashin ta kowa ba, da tukunyar wake da shinkafa take hawa matakalar Highbridge ta kai. A wurin mutanenmu, wanda ba a yi wa ba an san me ake nufi. Nimatu za ta zauna a garin nan bayan babu ni, za ta yi aure a cikinku, za a tambayi wace ce uwarta.

Na huɗu, sashe na goma sha huɗu. In kwamiti yana ganin dole sai ya ci wani, ga wanda ya rubuta shi. An roƙe ni rakiya na ƙi. Da na raka ta, da na ji abin da aka faɗa da Turanci, da aska ba ta taɓa ta ba. A cire sunana daga rajista, a hana ni zaure ranar da na mutu, zan sa hannu. A mayar da nata.

Ranar 29 ga wata, ƙarfe biyu na rana, ni da Nimatu za mu zo. Akua ta ce ita za ta dafa abincin, ta san yadda Damata ke yi. In mun tarar da ƙofa a buɗe, alhamdu lillahi. In a rufe take, ba zan yi hayaniya ba, ba zan kira kowa ba. Zan tsaya a bakin titi in karanta sunanta da kaina, mu raba abincin ga masu jiran bas.

Ina neman afuwa in harshena ya yi kaifi a wani wuri. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci, ya jiƙan mahaifiyarka, ya jiƙan wadda ta yi mata kitson ƙarshe.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

Gafaru Alhassan,
Mamba mai lamba goma sha bakwai,
Mijin marigayiya.

Abin da na haɗa da wannan takarda: bayanin Akua da sa hannunta, shafi biyu, kwafin sashe na goma sha huɗu da rubutun hannuna, kwafin fostar guda ɗaya. Za ka ga na manna 'yar farar takarda a kan hoton. Ba ɓoye hujja na yi ba, asalin yana bangonku. Ban iya aiko maka da ita kai a buɗe ba.